Hannun Kawu da Maɓallin Tab

A ofis kowa Kawu yake ce masa, har waɗanda suka girme shi. Shi ke kula da manyan kwamfutocin wani kamfanin sufuri, a ɗan ɗakin da ke ƙarshen baranda, inda sanyin na'ura ke shiga ƙashi. Aikinsa duk a baƙin allo yake: ya rubuta cd, wato umarnin shiga folda, ya bi shi da sunan foldar, ya shiga, ya fita.

Sai hannunsa na dama ya fara rawa. Sunayen foldojin kuwa dogaye ne kamar layin asibiti, harafi ɗaya ya kuskure sai ya sake daga farko. Akwai maɓallin Tab da ke ƙarasa wa mutum suna, amma in ya danna sai ya zubo masa tarkace, fayil da folda a cakuɗe, ga shi ba ya yafewa in an sa ƙaramin harafi a wurin babba.

Kawu bai gaya wa kowa zancen hannun ba, ko matarsa. Zama ya yi ya gyara saitin maɓallin: in an rubuta cd, Tab ya kawo folda kaɗai, ya daina damuwa da babba ko ƙaramin harafi, ya fara da inda aka fi zuwa. Harafi biyu, danni ɗaya, ya isa. Da wannan ya rufa wa kansa asiri shekara da shekaru, abokan aiki ma suka kwafi saitin.

Da sabon manaja ya zo, ya ce a goge duk wani saitin da mutum ya yi wa kansa, kwamfutoci su zama bai ɗaya. Kawu ya same shi a ofis.

"Ranka ya daɗe, a bar mini nawa."

"Kawu, doka ce. Me ya sa kai kaɗai?"

Kawu ya ɗora hannun a kan tebur, ya bar shi yana rawa.

"Subhanallahi! Tun yaushe? Allah ya ba da lafiya," in ji manajan, har da raka shi bakin ƙofa.

Ba a jima ba aka karɓe masa izinin shiga manyan kwamfutocin, wai don a rage masa wahala. Daga nan aka ce ya je gida ya huta.

Wata rana wata tsohuwar abokiyar aikinsa ta zo dubiya, tana dariya ta ce, "Kawu, ai mutane sun yi ta ƙorafi har manaja ya dawo da saitinka. Yanzu kowa da shi yake aiki, an ma sa shi a tsarin kamfani."

"Madalla," ya ce.

Bayan ta tafi, matarsa ta tarar da shi yana kallon bango.

"Maigida, lafiya?"

"In wani ya ƙara zuwa daga ofis, ki ce ina barci."