Sunan Yaya Maharazu a Jikin Kwali

Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Ranar Talata, tara ga watan Rajab, bayan sallar azahar, Allah Ya karɓi ran yayana, Malam Maharazu maƙerin ƙugiya na Jakara, bayan gajeriyar jinya. Ni ƙaninsa Muttaka ne nake wannan rubutu.

Yaya, shekara arba'in kana ƙera ƙugiyar kamun kifi, ba ka taɓa sakin ko guda ba sai ka rataya mata bokitin yashi. In ta miƙe ko yaya, ta koma wuta. In ta riƙe, ka yi mata tsaga uku a wuya, shaidar daga hannunka ta fito. Daga Wudil har Tiga, masunci ba ya taya mai tsaga uku. Wanda ya zo hannu rabbana kuwa, kakan cika masa tafi ka ce, "Je ka, in ka kamo tarwaɗa ka tuna da mu."

Ni na ɓata wannan duka. Da masu fatsar nishaɗi suka yawaita, ma'aikatan nan da ke tafiya dam ranar Asabar, wani kamfanin Legas ya zo neman izinin buga sunanka da tsagarka a jikin kayansa. Ka ƙi. Ni na yi ta zarya, wai ni ɗan boko, ina ce maka yanzu suna ma haja ne. Tambaya ɗaya ka yi mini: "Aro ne?" Na ce aro ne. Ka ɗauka irin aron da muka sani ne a kasuwar Kurmi, wanda mai abu kan aika a karɓo masa ran da ya ga dama. Aka shafa fatiha, ka dangwala yatsa. Ban karanta maka inda aka rubuta shekara goma ba, don na san tashi za ka yi.

Kaya suka iso cikin kwali mai sheƙi, da sunanka da tsaga uku, ƙugiyoyin da ƙaramin karfasa ma ke miƙarwa kamar wayar shanya. Sau biyu ka aike ni in karɓo maka sunanka. Lauyan kamfanin ya ce sai wa'adi ya cika, saura shekara bakwai. Na dawo na ce maka ana kan magana.

Ran sadakar uku, wani masunci, Malam Lawal, ya zo tun daga Wudil. Bayan gaisuwa ya ce a gaban jama'a, "Aikin Malam ya lalace a ƙarshe, ya ja mini asara, amma tsufa ne. Na yafe masa duniya da lahira." Kowa ya ce madalla. Ina zaune dab da shi, na bar shi ya tafi da wannan zato.

Jama'a, don Allah ku ji: Malam Maharazu bai taɓa ƙera ƙugiyar banza ba. Duk wanda kayan kwalin nan suka cuta, Muttaka zai nema. Na rasa ƙofar da zan bi, na rasa wanda zan roƙa, kuma har gobe ana sauke kwalayen a kasuwa.

Allah Ya jiƙanka, Yaya, Ya haskaka kabarinka, Ya sa Aljanna ce makomarka. Ina miƙa ta'aziyyata ga matarka Hajiya Sa'ida, da 'yarka Zaituna, da maƙeran Jakara baki ɗaya. Allah Ya ba mu haƙuri.

Hajiya, ke ma sai a takardar nan kike jin gaskiya. Gobe da hantsi zan zo in durƙusa a gabanki. Shi kam na makara.