Sawun Baba a Kan Soro

Bana shekara tara ke nan da rasuwar mahaifina, Malam Modu mai turare, na Zaitawa. Allah Ya jiƙansa. Ban tabbata ko zancen rufin ɗaki ya isa a kawo shi jarida ba, amma duk sanda na tuna shi, a kan soro nake ganinsa.

Gidanmu ginin ƙasa ne, rufin azara. Da zarar sanyi ya wuce ya bar tsaga a jikin yaɓe, Baba zai jingina tsani ya cire takalmi. Kafin ya taka, sai ya ɗaga murya: "Gafara dai masu gida, za a hau sama!" don matan maƙwabta su ja mayafi ko su shige ɗaki. Daga bayan katanga a amsa, "A hau lafiya, Malam." Goggo Dije, wata tsohuwar Bafulatana abokiyar wasanmu, takan ƙara da cewa, "In ka gama naka ka duba nawa, bawana." Baba yakan ce Fulani ba su san soro ba sai bukka, amma sai ya duba ɗin.

Da dunduniya yake gwada rufin, inda ya lotsa ya cike, ya share indararo, sannan a bi da makuba, ruwan ɓawon ɗorawa mai hana yoyo. Yakan ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A wancan lokacin duk layin tare ake wannan aiki, domin rufin kowa jingine yake da na wani.

Ban san me zai ce ba da zai ga layin a yau. Maƙwabta sun rushe nasu sun tayar da benaye na bulo, kuma ruwan kwanonsu a kan soronmu yake sauka. Ba na cewa da mugun nufi ne. Kowa inda ya samu ya karkata indararonsa. Maginin da muka saba da shi ya rasu, ɗansa adaidaita sahu yake ja. Yayana, da kyakkyawar niyya, ya sa an shafe rufin da siminti. Ina zaton nauyi ya ƙara, kuma da ya tsage sai ya riƙe ruwa a ƙarƙashinsa. Mu magada har yau ba mu haɗa baki ba, wasu a gyara, wasu a sayar.

A ƙarƙashin wannan rufi mahaifiyarmu take kwana. Azara biyu sun lanƙwashe daidai saitin gadonta, gara ta cinye cikinsu. Na roƙe ta ta koma wurina kafin ruwan fari. Ta ce, "Ɗakin da aka kawo ni, daga nan za a fitar da ni. Kai dai ƙaro min roba ta tarar yoyo." Ban iya musu da ita ba, kuma ban daina jin tsoro ba.

Makon jiya na jingina tsanin na yi kiran da Baba yake yi. Babu wanda ya amsa. Wata mata a bene ta leƙo daga sama, ta dube ni, ta ja tagarta. Yanzu mu ake leƙowa.

A kusurwar gabas, inda simintin bai kai ba, akwai sawun dunduniyarsa a yaɓen da ya yi na ƙarshe. Kowace damina tana rage shi. Bana da ƙyar na gane shi. An ce in ruwa ya ɗauke, sawu kan nuna wanda ya wuce, amma a nan ruwan ne ke cin sawun. Abin da ya bar mana, in na auna, bai wuce ladabin neman izini kafin a hau saman mutane ba, kuma babu sauran mai amsawa. Na sauko na tarar da Hajiya, mahaifiyarmu, tana gyara shimfiɗarta a ƙarƙashin azarar nan. Gabas kuwa ta fara haɗa hadari.