Alƙalin da ke cikin littafina

A gidanmu na garin Bowie, can ƙasar waje, akwai murhun bango a falo, wanda ba mu taɓa hurawa ba sai da Kaka ta zo daga Zariya. Uwar mahaifina ce, sunanta aka sa mini, shi ya sa take kirana Takwara. Ta ce ɗumin hita ba ya shiga ƙashi, don haka Baba ya riƙa sayo itace a hanyarsa ta dawowa daga asibitin da yake aiki. Da an idar da sallar magariba sai ta shimfiɗa darduma kusa da wutar, ta miƙe ƙafafu, ni kuma in kwanta da littattafaina a gefenta. Tana ba ni tatsuniyar kura da zomo da Hausa, ina yi mata tambaya da Turanci, kuma muna fahimtar juna.

Ina da shekara goma sha ɗaya aka ba mu aikin gida a makaranta, kowa ya yi rubutu a kan wani mai kawo gyara. Ni na samu wani alƙalin Ingila na zamanin da. Hotunansa biyu ne a littafin, duka zanen hannu. A na farko saurayi ne da farin gashin nan na alƙalai, ya dafa takardu. A na biyu ya tsufa, kumatu sun zube, amma idon bai canza ba, mai taushi, kamar na wanda ke shirin yi maka nasiha.

Kaka ta karɓi littafin ta matso da shi kusa da wuta.

"Wane ne wannan mai gashin tunkiya?"

Na yi mata bayani da guntuwar Hausata. Na ce alƙali ne, ya gyara gidajen yari, ya hana a daki mata, ya kwashe yara daga titi ya sama musu wurin kwana.

Ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta rufe littafin ta ɗora a cinyarta.

"Mu ma an kawo mana irinsa, Takwara. Tashi ki zauna. Wannan ba tatsuniya ba ce, ba sai kin ce ta zo ba."

Kakarta, in ji ta, baiwa ce, sunanta Kande. An kamo ta tana matashiya, da goyon 'yarta Hauwa, wadda daga baya ta haifi Kaka. A cikin ayarin da aka koro su akwai wata mata da ta mutu a hanya ta bar jaririya. Kande ta ɗauke ta, ta raba nono biyu, ɗaya na Hauwa, ɗaya na jaririyar. Ta sa mata suna Talatu. Tare aka sayar da su ukun a gida ɗaya, tare yaran suka yi rarrafe, suka yi wayo.

Yaran na da kamar shekara shida Bature ya zo garin ya zauna shari'a. Kaka ta ce uwarta ba ta taɓa zaginsa ba. Shi ya rufe kasuwar bayi. Shi ya hana a yi wa mace bulala a fili. Ya sa aka yi shela duk bawan da ke son 'yanci ya zo, Kande ta kama hannun yaranta biyu ta tafi.

Ya zauna a ƙarƙashin rumfa, da tafinta a tsaye a gefensa. Ya dubi yaran, ya ga ba su yi kama ba, Hauwa doguwa baƙa, Talatu gajera mai haske. Ya sa aka tambayi Kande ko ita ta haifi ƙaramar.

Kande ta ce, "Ni na shayar da ita."

Aka sake tambaya. Ta ce, "'Yata ce. Ni na shayar da ita, ni na goye ta."

Tafinta ya yi magana, Bature ya gyaɗa kai cikin tausayi, ya yi rubutu. Ya ba Kande takardar 'yanci, ita da Hauwa. Talatu kuwa ya ce marainiya ce da aka sato, za a kai ta wani gida da aka gina don irinta, inda za ta ci ta ƙoshi, ta koyi karatu da ɗinki.

Yarinyar ta riƙe zanen Kande da hannu biyu. Aka yi aka yi ta ƙi saki, har sai da ɗan sanda ya sa wuƙa ya yanke gefen zanen, aka ɗauke ta da ƙyallen a hannunta. Kande ta bar Hauwa wurin maƙwabta ta bi su da ƙafa kwana biyu. A bakin wani kogi aka sa Talatu da sauran yaran da aka kwaso a kwalekwale, ita aka hana ta shiga. Ta dawo tafin ƙafarta a tsattsage, ta koma gidan da ta fito, da takardar 'yancin a ƙulle a haɓar zane, don ba ta da wani wurin zuwa. Har ta mutu, kullum in an kwashe tuwo sai ta ware 'yar malmala ta rufe da faifai. Ba a ƙara jin labarin Talatu ba.

Na tambayi Kaka ko mugu ne Baturen.

"Da mugu ne ai da sauƙi, da mun san wanda za mu tsine wa. Har ruwa ya sa aka ba Kande da ta faɗi."

Na yi aikin gidana yadda littafi ya faɗa, aka ba ni maki mai kyau. Amma a raina na riga na yanke hukunci: laifin tafinta ne. Da ya faɗi maganar Kande yadda take, da ba a raba su ba. Wataƙila wannan ne ya sa na gyara Hausata har na zama mai fassara a kotuna.

Bara aka kira ni wata shari'a. Wata mata ce 'yar Maraɗi da ke zaune a Woodbridge, tana riƙon ɗan ƙanwarta da ta rasu, ba ta da takardar riƙo ko ɗaya. Yaron ya ƙone da ruwan zafi, aka kai shi asibiti, daga nan hukuma ta shigo. Alƙalin mace ce mai haƙuri, ba ta ɗaga murya ba ko sau ɗaya. Ta tambayi matar ko yaron ɗanta ne. Matar ta ce, "Ɗana ne, ni na goye shi tun yana kwana arba'in." Na fassara kowace kalma. Na nemi izini na yi bayanin abin da goyo yake nufi a wurinmu, aka ba ni, aka saurare ni, aka yi mini godiya. Sannan aka ce yaron zai zauna a hannun wasu mutane har a gama bincike.

A wurin ajiye motoci matar ta riƙo hannun rigata.

"Ɗiyata, mi kika hwaɗa mata?"

Na ce, "Duk abin da kika ce, Hajiya. Ban rage ko ɗaya ba."

"To don mi?"

Shekara ashirin da wani abu ina jin haushin mutumin nan da ya tsaya a gefen Bature a ƙarƙashin rumfa. A ranar, a kan hanyar komawa gida cikin cunkoson motoci, na fara tunanin wataƙila shi ma bai rage ko ɗaya ba.