Magungunan Baba Tsoho a Cikin Faifai

Wata ranar kasuwar Tudun Wada ce, a daminar da nake aji shida, mahaifina ya goya ni a keke da wani ɗan faifan kwamfuta naɗe cikin hankici a aljihunsa. A cikin faifan nan akwai duk magungunan da kakana, Baba Tsoho, ya sani: wane itace, a wane lungu na bakin dajin Falgore, saiwa ce ko ɓawo, a jiƙa ko a dafa. Kafin ya rasu shi ke faɗa, Baba yana rubutawa, daga baya ya buga su a tsohuwar kwamfutar makarantar da yake koyarwa, mai baƙin allo da koren rubutu. Littafin asalin kuwa gara ta gama da shi tuni.

Shi Baba ya ɗauka faifai kamar kaset ne, kowace rediyo ka sa shi zai yi magana. Sale mai shagon buga takardu, wanda muka kai wa don ya fitar mana da su a takarda, ya zura shi a sabuwar kwamfutarsa, sai ga waɗansu ’yan akwatuna da ƙugiyoyi sun cika allo, babu kalma ɗaya da mutum zai karanta. Ya gwada iya gwadawarsa, ya ce, "Malam, wannan ba ta jin yaren waccan." Ban taɓa ganin tsoro a fuskar mahaifina ba sai ranar, domin tsohuwar ma ta fara ɗaukewa da kanta.

A hanyar gida ya ce, "Uwata, idona ba ya jure koren nan. Ke za ki kwaso mana."

Ni kuwa da ma akwai rawar kai. Kullum in na share tsakar gida, na kai abinci gona, na ɗaure awaki, sai in tafi ofishin hedimasta, inda tsohuwar kwamfutar take, da littafina. Ƙawayena na ’yar gala-gala a bakin taga suna tsokanata, wai na zama akawu, ko kallo ba su ishe ni ba. Marke, sabara, maɗaci, kalgo, ina kwafewa layi-layi. Ranar kasuwa in karanta, Sale ya buga.

Saura shafi ɗaya, maganin saran maciji, allon ya fara rawa. Na ajiye biro na karanta shi da ƙarfi sau biyu, kamar hadda. Sai kwamfutar ta ɗauke, ba ta ƙara tashi ba. Na rubuta shi daga kaina.

Baba ya ce, "Kin tabbata?"

Na ce, "Na tabbata, Baba." Ya juya baya ya share ido da hularsa.

Yau da ɗan yatsa nake tura ɗaruruwan takardu daga waya zuwa kwamfuta, kuma ban san abin da ke cikin rabinsu ba. Ina kewar ofishin nan da wahalarsa. Magungunan Baba Tsoho ne kaɗai zan iya karanto wa ’ya’yana ko babu wuta.