Malam Haladu mai wayarin da GPS ɗin da na yanke wa kai

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ina cikin wanke gilashin mota da safen nan aka kira ni, wai Malam Haladu mai wayarin ya rasu. Sai da na sa mutumin ya maimaita, don na ɗauka wani Haladun yake nufi.

Shi ne dai. Na bakin tashar Makarfi, wanda duk direban da wutar motarsa ta taɓa rikicewa tsakanin Ikara, Makarfi da Kudan ya san bencinsa. Jinyar kwana uku kawai ya yi. An kai shi gida Saulawa, yanzu muka dawo daga jana'iza.

Akwai abin da ya riƙe mini shekara da shekaru bai faɗa wa kowa ba. Yau ni zan faɗa da bakina.

Lokacin da na fara tuƙa a-kori-kura, manoman garinmu Gazara suka haɗa tumatirinsu suna neman mai kai musu Abuja, don an ce can ya fi daraja. Ni kuma bakina ba ya iya shiru. Na miƙe a gaban dattawa na ce Abuja ai kamar tafin hannuna take.

Wallahi ban taɓa wuce Kaduna ba.

Suka yarda, aka sa ranar lodi. Kusan rabin kayan na Kawu Mamman ne, ƙanin mahaifiyata, kuma wahalarsa ta rani gaba ɗaya ke nan. Tumatir ba ya jiran direban da ya ɓata. In rana ta same shi a hanya, ruwa za ka sauke wa mutane.

Wayata a lokacin 'yar ƙarama ce mai tocila, ba ta san wata taswira ba. Sai na sulale a ɓoye na tafi Kano na sayo GPS na hannu, irin wanda ake mannawa a gilashi, yana nuna hanya yana magana. Na gwanjo ne, batirinsa ya mutu, sai a jikin caji yake aiki. Ramin cajin motata kuma ya saki, da na faɗa gargada sai abin ya ɗauke.

Ana gobe lodi, dabara ta zo mini. Ina tsaye wurin mai rake a bakin kasuwa na ari wuƙarsa, na datse ƙaton kan cajar na wurgar, da niyyar in murɗa wayoyin kai tsaye a jikin batirin mota. Allah ya taimake ni ban gane wacce waya ke zuwa ina ba, shi ya sa na biya wurin Malam Haladu ya nuna mini. A raina aikin minti biyu ne.

Ya juya wayar a hannunsa, ya dube ni ya ce, "Sabi'u, ina kan?"

Na ce na yar, ai ba shi da amfani.

Ya ce, "Wutar mota sha biyu ce, wannan abin biyar yake ci. Wancan kan da ka raina shi ke rage masa. Da ka jona haka, da hayaƙi ka saya."

Na ce to a sayo wani. Ya ce irinsa sai Zariya, Zariyar ma sai an dace. La'asar ta riga ta wuce.

Mutumin nan ya girme ni nesa ba kusa ba, amma ya rufe akwatin kayan aikinsa ya ce mu je inda na yar da kan. Haka muka tsuguna ni da shi a kan tulin ɓawon rake, ƙudaje na bin fuskarmu, muna tonawa da hannu. Ni ina ta tsaki ina cewa a haƙura. Shi ne ya gano shi, ya goge a jikin rigarsa, ko kallona bai yi ba.

Da muka koma ne na ga aiki. Ya buɗe kan cajar ya mayar da wayoyin da dalma, ba murɗawa da tef irin na masu sauri ba. Yana da wani ƙwan fitila da ya ɗaure a jikin ƙusa, shi ya ƙera abinsa. Ya kwanta rigingine a ƙasan sitiyari yana taɓa akwatin fis ɗaya bayan ɗaya, yana cewa in kunna makulli, in kashe.

Na ƙosa. Na ce, "Malam, ga wuta nan ko'ina, ka jona mana kawai!"

Ya ce, "Wannan ba ta barci. In na ba ka ita, da safe turi za ka nema." Sai da ya samo wadda ke zuwa da makulli ta tafi da makulli, ya sa mata ƙaramin fis nata na kanta. Baƙar wayar kuma ya kankare fenti ya ɗaure ta a jikin ƙarfen mota. Ya bi da komai ta bayan dashbod, ɗan bakin waya kaɗai ya leƙo kusa da gilashi.

Muna cikin haka sai ga Kawu Mamman a kan babur. Ya leƙo ya ga abin yana haske, ya ce, "Malam Haladu, wannan fa? Ba ya ce mana ya san hanya ba?"

Malam Haladu bai ko fito daga ƙasan sitiyarin ba. Ya ce, "Wuta nake gyara masa, Malam Mamman. In sha Allahu tumatirinka zai isa."

Bayan Kawu ya tafi ya fito yana kakkaɓe baya. Ya ce, "Wanda ya san Abuja ba ya tonon ɓawon rake. Ban yi ƙarya dominka ba, kuma ba zan yi ba. Amma ba daga bakina za a ji ba."

Na ji kunyar da ban taɓa ji ba.

Da asuba na ɗau hanya. Duk ramukan da na faɗa, abin nan bai ƙifta ba ko sau ɗaya. A cikin Abuja na kauce hanya sau biyu, sau biyun yana maido ni, na shiga kasuwa tumatir yana nan da ƙarfinsa. Da na kira Malam Haladu tambaya ɗaya ya yi: "Ya ɗauke?" Na ce bai ɗauke ba. Ya ce alhamdulillahi, ya kashe waya.

Ina alfahari da shi, wallahi. Bai yi boko ba, babu wanda ya taɓa nuna masa irin na'urar nan, amma ya fahimci wuta fiye da masu takarda da yawa. Aljihunsa kullum cike da fis, in ya ga ka ɗaure naka da guntun waya zai yi maka faɗa kamar ɗansa, sannan ya zaro sabo ya sa maka.

Haɗuwarmu ta ƙarshe Larabar makon jiya ce, na tsaya gaishe shi. Ya leƙa motar ya ga GPS ɗin, ya ce, "Har yanzu shi ke kai ka?" Na ce yanzu ko ido rufe zan je. Ya yi dariya ya ce, "To ka ba wanda bai sani ba, ka kawo shi in haɗa masa." Na ce akwai wani sabon direba a Gazara, zan kawo shi in na samu sarari. Ban samu sararin ba.

Kawu, na san yaranka su Hadiza za su karanta maka wannan. Ƙarya na yi muku ranar, ka yafe mini. Tumatirinka ya isa Abuja ne saboda aikin Malam Haladu, kuma duk yabon da kuka yi ta yi mini, nasa na karɓa na yi shiru.

Ya Allah, Malam Haladu ya rufa mini asiri a duniya, ka rufa masa nasa ranar da babu mai rufawa sai kai. Ka gafarta masa, ka haskaka kabarinsa, ka ba iyalinsa haƙuri, ka tsaya musu.

Duk wanda ya karanta har nan, ko bai san shi ba, don Allah ya ambaci sunan Malam Haladu a addu'arsa ta yau.