Habu da Muryoyin da Ya Tara a Shagonsa

Ina wankin mota a ƙofar wani gidan Larabawa a Jidda, bayan la'asar, ƙanena ya kira ni daga Daura. Ko gaisuwar kirki bai yi ba, ya ce, "Yaya Auwalu, sai haƙuri. Habu Injiniya lokaci ya yi." Mota ce ta ture babur ɗinsa a hanyar Zango, ya tafi ɗauko wani tsoho mai gurmi. Kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa. Na ce innalillahi wa inna ilaihi raji'un, na zauna a bakin kwata, ruwa na ta zuba daga tiyo. Sannan na tashi na ƙarasa wankin, domin wanda ba shi da takardar zama a ƙasar mutane ba shi da damar zaman makoki.

A unguwa ɗaya muka tashi da Habu. Bai yi karatun injiniya ba, gyaran rediyo ya koya, mutanen gari suka laƙaba masa sunan. Ni na taya shi haɗa situdiyonsa, gab da zan bar gida. Kada mai karatu ya zaci wani babban abu ne. Shagonsa ne na ƙofar gida, da tsohuwar kwamfutar tebur da ya saya a Kano, da makirfo ɗaya, da ƙaramin akwatin da ke haɗa makirfon da kwamfutar, da lasifikar kunne wadda fatarta ta ɓare. Bango muka liƙe da kwalin ƙwai, taga muka toshe da tsohuwar katifa. Na ce masa, "Mutumina, wannan situdiyo ne ko akurkin kaji?" Ya ce, "Riƙe min kwalin dai. Ɗaki shi ne rabin murya."

Samari masu son zama mawaƙa sukan zo su tambaye shi kayan da za su saya. Bai taɓa yi musu rowar sani ba. Yakan ce, "Ka fara da abin da ke hannunka. Idan ka ji abin da ya rage da kunnenka, sannan ka je kasuwa." Yakan kuma ce, "Abin da ya shiga makirfo da datti, da datti zai fito." Saboda haka in za a ɗauki murya sai ya kashe fanka, ko da zafin bazara ne, a yi ta gumi kamar ana huɗa. Janareto kuwa ba ya bari a tayar, da batirin mota yake aiki.

Waƙoƙin samari su ke ciyar da gidansa, amma zuciyarsa na wajen tsofaffi. Makaɗan noma, masu gurmi, masu kukuma, duk wanda ya ji labarin ya tsufa a ƙauyukan Zango ko Mai'adua sai ya je ya goyo shi a babur, ya ba shi fura, ya zaunar da shi gaban makirfo. Abin da ya fi damunsa waƙoƙin niƙa da na daɓe, waɗanda iyayenmu mata suka tashi da su. A bayan shagonsa akwai injin niƙa na maƙwabcinsa, kullum sai ya jira an kashe shi kafin ya fara aiki. Ya taɓa ce min, "Wannan injin shi ya kashe waƙar, yanzu kuma ya hana ni ɗaukar gawarta."

Tsofaffin mata ba za su shiga shagon namiji a rufe ƙofa ba, shi ma bai nemi haka ba. Sai ya sayo doguwar waya, ya huda bango, ya ja ta har tsakar gida. Matarsa Hajara ke riƙe makirfo kusa da dutsen niƙa, shi yana shago da lasifika a kunne, ba ya ganin kowa. In wani abu bai yi ba sai ya ƙwanƙwasa bango, a sake. Ta haka ya ɗauki muryar mahaifiyata, Inna, ina nan Jidda.

Shi ya kira ni ya gaya min. Ya ce, "Alhajin Jidda, yau tsohuwarka ta cika min kwamfuta." Na ce ya turo min. Ya ce, "Saura kaɗan. Akwai kukan akuya a ciki, bari in tsabtace."

A nan zan faɗi aibinsa, domin shi da kansa ba ya son yabon da babu gaskiya a ciki. Habu ba ya gama aiki. Waƙar samari yakan sallama a yini ɗaya, amma abin da yake ƙauna sai ya riƙe yana gogewa, damina ta wuce, wata ta zo. Inna ta rasu, ban samu zuwa jana'izarta ba. Na sake roƙonsa, har na yi masa faɗa. Ya ce, "Ba a ba baƙo ɗanyen tuwo. Wannan da hannuna zan ba ka, ka zauna a shagon nan ka ji." Na ce ya ajiye kwafi a wani wuri, ya ce kwamfutarsa ba ta taɓa ba shi kunya ba. Na yi fushi na daina tambaya.

Bayan sadakar bakwai aka zauna rabon gado. Kawunsa, dattijo mai tsoron Allah, ya ce kada a bar haƙƙin marayu ya kwana. Aka fito da kayan shago, aka yi musu kima kamar yadda aka yi wa tumaki da buhunan gero. Kwamfutar wani mai tura finafinai a waya daga Kongolam ya saya. Da na ji, na tura ƙanena ya bi ta. Mutumin ya karɓe shi da mutunci, ya ce, "Ai da ka zo da wuri. Na tarar da ita cike da surutun tsofaffi, na sa an goge ta tas, na zuba kaya." Ƙanena ya kai ta wurin masu gyara a Katsina, suka ce finafinan sun hau kan komai.

Ban ga laifin kawu ba, abin da shari'a ta ce ya yi. Ban ga laifin mai saye ba, sana'arsa yake nema. Garinmu ne haka. Mun san darajar akwati, ba mu tambayar abin da ke ciki. Yawancin tsofaffin nan sun riga Habu tafiya, 'ya'yansu kuma ba su koyi ko baiti ɗaya ba.

Na kira Hajara na yi mata ta'aziyya. Sannan na tambaye ta ko ta tuna wani abu daga waƙar Inna.

Ta ce, "Yaya Auwalu, waƙar ba ta da tsawo. Maganar ce mai tsawo."

Na ce, "Wace magana?"

Ta ce, "Au, Malam bai gaya maka ba? Da ta gama waƙar sai ta kama makirfon da hannu biyu, ta ɗauka kamar tarho ne. Ta ce, 'Yana jina?' Na ce zai ji, Inna. Sai ta kira sunanka."

Ni ɗan fari ne. Tun da aka haife ni Inna ba ta taɓa faɗin sunana ba, "wannan yaron" take cewa. In na kira waya, tana amsa gaisuwa take miƙa wa ƙanena.

Na ce, "Me ta ce, Hajara?"

Ta ce, "Wallahi kunya ta kama ni, na bar mata makirfon na shiga ɗaki. Ta daɗe tana magana. Malam kaɗai ya ji. Da na kai masa abinci na tarar idonsa ya yi ja."

Yanzu na gane abin da yake ta gogewa, da dalilin da ya ƙi turowa ta waya. Ya ga abin ya fi ƙarfin a saurare shi a bakin kwata. Niyyarsa kyakkyawa ce, ita kuma ta hana ni ji har abada. Na yafe masa, duniya da lahira.

Ya Allah ka jiƙan bawanka Habu, ka gafarta masa, ka yalwata kabarinsa, ka saka masa da alherin da ya yi wa tsofaffin da kowa ya manta da su. Ka ba Hajara haƙuri, ka raya marayunsa, ka zama gatansu. Ka jiƙan Inna da dukkan musulmin da suka riga mu. Idan tamu ta zo ka sa mu cika da imani, ka haɗa ni da su a Aljanna, in ji abin da ta ce daga bakinta. Amin.