Ranar da Na Sa Aka Kashe Janareta da Gangan

Ko tsufa ya fara cin tunanina, ba na jin zan manta da wata Juma'a a masana'antar fatar da na yi wa aiki a Challawa, shekarun dubu biyu da 'yan kai. Ni ne mai kula da kwamfutoci a lokacin, ga ƙuruciya ga taurin kai.

Na samo wata manhaja ta kyauta, irin wadda kowa ke iya buɗe cikinta ya gyara, mai haɗa wasiƙun ma'aikata da jadawalin shifta wuri guda. Ɗora ta a kan Linux, tsarin da kwamfutocinmu ke aiki da shi, sai an sha wuya, don haka na ɗaure ta a ƙunshi ɗaya, yadda umarni guda zai ɗora komai, a nan da reshenmu na Bompai. Manajanmu, wani mutumin Filato mai fushi kusa, bai so ba. Gani yake abin kyauta ba ya ƙarko.

Ranar da na tashi sabunta ta, aiki ya kai rabi, sai ɗif. Babu wutar gari, batirin ajiyarmu ya daɗe da mutuwa, dattijon da ke kula da janareta kuma ya kashe shi ya tafi masallaci, yadda ya saba duk Juma'a. Da wuta ta dawo, manhaja ta ƙi tashi. 'Yan shiftar yamma suka iso daga ƙauyukansu suka yi cirko-cirko, ba a san wa zai hau wane inji ba.

"Ka ga abin da nake gudu?" in ji manaja. "Zuwa Juma'a mai zuwa in abin nan bai tsaya ba, kai da kayan kyautar taka ku kama gabanku."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na rubuta wa masu kula da ƙunshe-ƙunshen Linux ɗin a ƙasashen waje, ɗayansu ya amsa cikin ladabi cewa ai ba a ɗauke wa mutum wuta yana tsakiyar irin wannan aiki. Na yi dariyar takaici. Bawan Allah bai san Kano ba.

Sai na ɗaura ɗamara na sake ɗaurin tun daga tushe. Na sa ƙunshin ya riƙa ajiye tsohon bayani gefe kafin ya taɓa komai, ya kuma riƙa shaida inda ya tsaya. In fara, in fizge wayar wuta daga bango, in mayar, in duba inda ya karye, in gyara. Haka na yi ta yi har soket ɗin ya saki.

Juma'a ta zagayo, na kira manaja, na soma sabuntawa a gabansa, sannan na leƙa taga na ƙwala wa dattijon kira.

"Baba, ku kashe."

"Yaro, lafiyarka kuwa? Ko kiran farko ba a yi ba."

"Ku dai kashe, Baba."

Ɗif. Gaskiya tsoro ya kama ni, don aikina kenan na jefa cikin haɗari. Da ya sake tayar da injin, kwamfuta ta farfaɗo, ta ci gaba daga inda ta tsaya, jadawali ya fito ba sunan da ya ɓace. Manaja ya daɗe yana kallon allo, can ya ce, "Litinin ka tafi Bompai ka ɗora musu."

Na aika wa masu kula da ƙunshe-ƙunshen nan na waje gyaran, suka karɓa bayan 'yar jayayya. Abin da ranar ta koya min shi ne, in za ka yi wa mutane aiki, ka yi shi daidai da yadda suke rayuwa. Ban taɓa roƙon dattijon nan ya makara masallaci saboda kwamfuta ba, kwamfutar na koya wa jira.